Wa Ya Ce Masa Gwani?

"In Basira ta mutu, Malam Munkaila, kai ka kashe ta."

Baiwa ko sallama ba ta yi ba. Ta tsaya a bakin zauren limamin Matamaye, mayafi a hannu. Dattawan da ke ɗaukar karatun hantsi suka rufe littattafansu.

"Subhanallahi! Baiwa, zauna tukuna," in ji liman.

"Ba zama ya kawo ni ba. Baƙon nan Hashimu, wa ya shimfiɗa masa buzu ranar sunan jikanka? Wa ya ce a gaban jama'a, 'Gwani, yi mana addu'a'?"

Da kunnenta ta ji, tana rabon goro. Shi ya sa da ƙafafun ɗiyarta Basira suka kumbura, ga tsohon ciki, ga ciwon kai, ba ta nufi likita ba, wurin baƙon ta kai ta. Ya ce a watsar da ƙwayoyin awo, rubutu ya isa. Yau da asuba Basira ta faɗi tana jijjiga, motar likita ta wuce da ita Damagaram.

Liman ya gyara murya. "Kalmar nan gwani daga Barebari muka samo ta, su goni suke cewa. A da ba a kiran mutum haka sai gwanaye sun zaunar da shi, sun ja masa Alƙur'ani ta ko'ina bai yi tuntuɓe ba. Yanzu kuwa ta zama ta girmamawa."

"Kai ka zaunar da shi?"

"Na ga rawani, na ga furfura. Baƙo ne, na karrama shi."

"Ka karrama shi da ɗiyata. Ni ban san baƙi ba, bakinka nake karantawa. In mai shayi ya ce gwani, dariya zan yi. Kai ka faɗa."

Wani dattijo ya ce a hankali, jiya an ga Hashimu a kasuwar Dungu, mata sun yi layi, yana cewa limamin Matamaye ne shaidarsa.

Waya ta soma ruri a ƙullin zanen Baiwa. Mijin Basira kaɗai ke da lambar. Ta dafe ta, ba ta ɗauka ba.

"Ba zan amsa ni kaɗai ba." Ta kwance ƙullin, ta miƙa wa liman. "Karɓi, ka ji da kunnenka. In ka gama, ka tashi mu tafi Dungu, ka gaya wa matan can wanda ya ba shi sunan."