Gashin Kaza a Lambun Kabewa

Mai Lambu ya kashe ma'aikatansa kakaf a yini guda, kuma iyakar laifinsu shi ne ɗaya daga cikinsu ta harbe shi a leɓe. Babu amfanin sakaya magana. Ma'aikatan nan ƙudan zuma ne. Ba su taɓa neman lada a wurinsa ba, shi kuma bai ma san aiki suke yi masa ba.

Lambun nasa a bayan gari yake a da, amma gari ya biyo shi ya cim masa. Nan gareji, can masu walda, gaba gidajen haya. Abin da ya saura na daji sai wani tsohon mangwaro mai kogo a bakin rijiya, kuma zumar tana cikin kogon tun mahaifinsa na da rai. Abu biyu tsohon ya bar masa: kaskon da yake zuba wa zumar ruwa a gindin bishiyar, da irin wata kabewa mai kauri, ja a ciki, wadda ba ta saurin ruɓewa. Kaskon tuni ya koma na kaji. Irin kuwa ya riƙe shi kamar ƙwayar idonsa. Ko ƙwara bai taɓa ba kowa ba. In zai sayar da kabewa, sai ya yanka ya ƙwaƙule 'ya'yan tukuna. A shekarar da ake magana haɗama ta sa ya faɗaɗa shuka, ya juye gwangwanin irin duka a ƙasa, bai rage ko na tsaraba ba.

Kabewa ta yi yaɗo, ta rufe ƙasa, ta fara fure. Wata safiya ya sunkuya zai sha ruwa a guga, ashe wata zuma ta riga shi. Kafin ya isa gida leɓensa na sama ya yi suntum. Ya tarar da ƙanin matarsa, wani mai facin taya, zaune a tsakar gida.

"Mijin Yaya, iska nawa aka ba wannan? Ta wuce ƙa'ida. Kawo in rage maka."

"Tashi ka bar mini gida," in ji Mai Lambu, amma maganar ba ta fito daidai ba, har matarsa ta juya baya tana gyaran murhun da ba abin da ya same shi.

Dariyar ce ta ci masa rai, ba harbin ba. Ya wuce shagon maganin ƙwari ya ce a ba shi mai ƙarfi. Da ya dawo gida zai fita da tankin feshi, matarsa ta tare shi.

"Baban yara, mahaifinka har ya koma ga Allah bai taɓa su ba."

"Mahaifina bai yi yawo da leɓen raƙumi ba."

Ya zura bakin feshin cikin kogon, ya matsa har hannunsa ya gaji, ya kwaɓa laka ya toshe. Sauran maganin ya bi lambun da shi ganye-ganye, don kada a ce ya yi asara. Ya kuma sare ciyayi masu fure da ke bakin shinge, wai su ke gayyato baƙi. Washegari ya share gawarwaki da tsintsiya, ya sha ruwa a guga hankali kwance.

Fure ya ci gaba da buɗewa, rawaya shar, gwanin sha'awa. Sai dai 'yan ƙananan kabewar da ke gindin furen ba sa wuce girman ƙwai. Su yi rawaya, su yanƙwane, su faɗi. Ya ƙara ruwa. Ya ƙara taki. Ya zargi hayaƙin masu walda, ya zargi bakin mutane, ya daina gaisawa da maƙwabcin da ya taɓa roƙonsa iri. Kansa ne kawai bai zarga ba. Kullum da safe yana tsintar 'ya'yan da suka zube, kuma ya san abin da hakan ke nufi: in kabewa ko ɗaya ba ta nuna ba, irin mahaifinsa ya ƙare a duniya, don babu shi a gwangwani, babu shi a hannun kowa. Rowa ta riga ta toshe wannan ƙofa.

Ya cika aljihu da yanƙwanannun 'ya'ya ya koma wurin mai shagon magani, ya zube masa a kan tebur.

"Wace cuta ce wannan? Ba ni maganinta."

Mai shagon ya juya ɗaya da yatsa. "Ba cuta ba ce. Zuma na zuwa lambun?"

"Da dai."

"Ina suka tafi?"

Mai Lambu ya dubi kwalaben da ke kan kanta. Mai shagon ya bi idonsa, ya gane.

"Malam, ce mini ka yi ƙwari. Ba ka ce leburorinka za ka sallama ba. Kabewa fure biyu take yi, namiji da mace. Macen ce mai ɗan kumburi a gindi. In ba a ɗauko garin nan rawaya daga namijin an kai mata ba, ba ta riƙe ɗa. Da wa kake tsammani yake kai mata, kai?"

"To sayar mini da abin da zai kai."

"Ba na sayar da shi. Kana da kaji? Gashinsu zai yi maka aikin."

Ya koma ya fasa lakar da ya toshe kogon da ita. Wari ya buso, tururuwa sun gama da saƙar. Ya karɓo kaskon daga wurin kaji, ya wanke, ya cika da ruwa ya ajiye a gindin mangwaron. Ƙadangare ne ya zo ya sha. Ko'ina siminti da kwano, daga ina wata zumar za ta taso?

Furen kabewa da sassafe yake buɗewa, rana na ɗagawa ya tsuke, ba ya jiran kowa. Don haka gari na wayewa Mai Lambu ya fito da gashin kazar da matarsa ta fige masa. Ya durƙusa, ya lakato gari a wannan furen, ya rarrafa ya shafa wa wancan. Abin da zuma ke yi tana waƙa, shi yana yi yana nishi. Ƙaiƙayin ganye ya cinye masa hannuwa. Kafin ya kai rabin lambun, sauran furen sun rufe baki.

Mai faci ya leƙo ta kan shinge, ya daɗe yana kallo.

"Sannu da aiki, mijin Yaya. Ni dai in an fara zumar, a tuna da ni."

Mai Lambu bai ɗago ba.

"Ka riƙa ɗan yin ƙugi kana tafe. Furen sun fi sakin jiki."

"Furen na rufewa," in ji Mai Lambu. "In ba za ka kama ba, ka wuce."

"Ni da taya ke jirana?"

Kabewar da ta kama a shekarar ba ta cika baro ɗaya ba. Babu wadda ta je kasuwa. Ya yanka su, ya shanya 'ya'yan, ya mayar gwangwani, matarsa ta raba tsokar wa maƙwabta. Iri ya tsira. Zuma ba ta dawo ba, bara ba ta dawo ba, bana ma haka. Bayansa ya ranƙwafa, gwiwoyinsa sun yi kanta, yaran gareji sun sa masa suna Sarkin Zuma. Duk safiyar da kabewa ke fure yana can a durƙushe da gashin kaza a hannu.