Na Sa Sunan Barista a Ƙasa

Ku yi haƙuri da ni. Ban taɓa rubuta labari ba, ni mai karanta na wasu ce, kuma sau uku ina yaga shafin nan. In kun ga ya karkace a wani wuri, ku tsallake.

Sunana Saliha. Babana Malam Kawu tela ne a Azare, asalinmu Disina. Da na gama karatun shari'a a jami'a, abu ɗaya ya rage mini kafin in wuce makarantar horas da lauyoyi: wani fom da sai lauyan da ya san halina ya sa hannu, ya rubuta lambarsa ta rajista. A unguwarmu kuwa in an ce lauya, Barista Abdulsamad ake nufi. Ofishinsa na kan shagon sayar da taya kusa da tasha, kuma Baba ne ke yi masa ɗinki tun ina firamare.

Baba da kansa ya raka ni, har da sabuwar hula.

Barista ya ce, "A bar shi nan, Malam Kawu. Zan duba."

Mako uku yana dubawa. In na je yana Giade, in na koma yana salla. Washegarin ranar da aka rufe karɓa ya aika aka kira mu. Ofishin cike yake da masu rikicin gona. Ya jawo fom ɗin daga ƙarƙashin faranti, man masar da ya ci ya ɓata rabinsa, babu sa hannu.

"Malam Kawu, gaskiya zan faɗa maka. Wannan 'yar taka ko gaisuwa sai an kasa kunne. Alƙali za ta riƙa yi wa raɗa? Ni ba na sa sunana a kan abin kunya. Ka saya mata keke ta taya ka."

Mutane suka yi dariya. Baba ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, ranka ya daɗe." Ya durƙusa ya ɗauki takardar daga inda Barista ya jefar da ita.

Durƙuson nan ne ban yafe ba. Shekara guda na yi a gida ina ɗinka maɓalli, kuma kowane maɓalli na soka wa allura, shi nake gani. Abin da nake so bai da yawa: in ga an cire masa baƙar rigar nan ta lauyoyi a gaban mutane.

Da shekara ta zagayo, Barista Abigel, wata lauyar gwamnati 'yar Bogoro da ke kawo wa Baba ɗinkin 'ya'yanta, ta sa mini hannu a tsaye, jaka a kafaɗa. Na tafi.

A makaranta ban yi ƙawaye ba, ɗakin karatu na yi. Wata rana na ci karo da littattafan da ke ɗauke da sunayen lauyoyin da aka rantsar, shekara bayan shekara. Allon ofishin Barista ya ce 2006. Na buɗe don kawai in ga sunan in yi masa tsaki. Babu shi. Na duba shekara biyar baya, biyar gaba, na bi layi-layi da yatsa har aka kaɗa ƙararrawar rufewa. Babu.

Sai a nan na gane. Ba muryata ce ta hana shi sa hannu ba. Fom ɗin lamba yake nema, shi kuma ba shi da ita. Daga baya wata gwaggona ta ba ni sauran: ya je makarantar, ya faɗi jarabawar ƙarshe, amma kafin sakamako ya fito danginsa sun riga sun yanka sa, an yi walima, gari duk ya kama kiransa Barista. Sai ya sa rigar ya ci gaba.

Na so in kai ƙara. Amma wa zai saurari ɗaliba a kan mutumin da ya shekara goma sha takwas yana shiga kotu? Kuma na san kaina, a gaban mutum uku ma harshena ɗaurewa yake.

Kafin jarabawa ana tura kowane ɗalibi wata kotu ya zauna ya ga yadda ake aiki. Ni aka turo ni gida Azare. Magatakarda ya ga ba na magana amma rubutuna yana da kyau, sai ya ba ni aikin safe: jera sunayen lauyoyin da suka zo. A kotu ba wanda ya riga zuwa ake fara kira ba, wanda ya riga rantsuwa ake farawa da shi. Lauya kuwa ya yarda ka taka masa ƙafa da ka sa ƙaninsa a samansa.

Barista ya gan ni ranar farko. "A'a, 'yar tela! Ashe an samu mai tausayi. To, ki iya rubuta sunana, shi ne na farko kullum."

Haka na riƙa rubuta shi na farko, mako biyar.

A mako na shida aka turo sabon lauyan gwamnati daga Bauchi, Barista Zachariah, mutum mai fara'a da son hira. Da na tambaye shi shekararsa ya ce 2006. Ranar ban yi komai ba. Na jira har Laraba, alƙalin, wadda mace ce, ta sa hannu a littafin halartata, na kai shi gida na saka a ƙasan akwati.

Ranar Alhamis na rubuta Zachariah a sama, Abdulsamad a ƙasa.

Kotu ta cika, har da mutanen Gololo da suka zo shari'ar iyakar gona, waɗanda shi yake tsaya wa. Magatakarda ya kira Zachariah. Kafin ya miƙe, Barista Abdulsamad ya riga shi. Da Turanci suka yi, ni na mayar da shi Hausa.

"Ya mai shari'a, an yi kuskure. Ni ne babba a nan."

Alƙali ta sauke tabarau. "Wace shekara?"

"Dubu biyu da shida."

Zachariah ya juyo yana murna. "Kai, ɗan ajinmu! Wane reshen makarantar ka yi?"

Barista Abdulsamad ya faɗi wani reshe.

"Ai nan na yi! Wane ɗaki? Ka tuna malamin nan da ke korar mutum in takalminsa ba baƙi ba?"

"Na tuna," in ji Barista Abdulsamad, yana gyara hular gashin nan tasa ta lauyoyi.

Alƙali ta ce, "Ku bar zumuncin sai an tashi. Tunda shekararku ɗaya, lamba za ta raba. Barista Zachariah?"

Ya karanto tasa kamar lambar wayarsa.

"Barista Abdulsamad?"

Ya buɗe jaka. Ya rufe. Ya ce ai ba komai, ya bar wa ɗan'uwansa, girma na Allah ne.

"Kai ka tayar da maganar," in ji ta. "Lambarka nake jira."

Ya faɗi wata lamba. Magatakarda ya danna ta a waya, ya daɗe yana kallo, sannan ya hau ya nuna mata. Ta karanta sunan da ya fito da ƙarfi. Sunan wata mata ce daga kudu.

Wani tsoho cikin mutanen Gololo ya tambayi na kusa da shi da Fulatanci me ake ciki. Aka gaya masa. Ya ce, "Subhanallahi," har baya aka ji.

Alƙali ta ce, "Malam Abdulsamad, cire hular nan da rigar ka ajiye a kan tebur. Ɗan sanda, tsaya kusa da shi."

Malam ta ce, ba Barista ba. Na kalle shi yana zare hannu ɗaya, ɗayan ya maƙale, sai da ɗan sandan ya ja masa. Shatin gumi ya fito a bayan farar rigarsa har ƙugu. An ce in mutum ya rama yakan ji tausayi daga baya. Na tsaya na jira, ban ji ba.

Sai na ji alƙali tana cewa, "Wai wa ya rubuta jerin yau?"

Magatakarda ya fara waige-waige. Ina bayan kabad ɗin fayil, kusa da ƙaramar ƙofa. Na cire takalmina don kada ya yi ƙara, na riƙe a hannu, na bi ta bayan masu leƙe ta taga. Sai da na wuce mai sayar da rake a bakin titi na tsaya na saka.