Kitson Matar Kafinta

Girman kai? Ke dai ba ki san abin da kike faɗa ba. Shekarar da aka kawo matar nan Gagarawa ko tulu ba ki isa ɗauka ba, amma kin zauna kina gaya mini wai 'yar mishan ce mai ƙyamar mutane. Uwarki ce ta faɗa miki? To uwarki daga bakin rijiya take hango ta. Ni kuwa danga ɗaya ce ta raba mu, dangar kara, wadda in an yi tari a can sai a ce sannu a nan. Gyara zama ki ji.

Sunanta Hannatu. Mijinta Malam Barau kafinta, yana cikin waɗanda suka biyo aikin dogo, hanyar jirgin ƙasa, lokacin da ake shimfiɗo shi daga Kano. Shi ke yi wa tasha ƙofofi da tagogi. Da aka ce Kiristoci ne an zaci za a ga mutanen Kudu, sai ga Hausa a bakinsu tas. Ita ma asalinta 'yar nan ce, wani ƙauye bayan Sule Tankarkar. A yunwar Kakalaba uwarta ta kama hanya da ita, uwar ta mutu a tafe, aka yi ta miƙa yarinya daga hannu zuwa hannu har ta faɗa gidan Turawan mishan. Can ta girma, can ta shiga addininsu, can suka yi aure da Barau, shi ma tsintacce ne irinta.

Barau ba mugu ba ne, kada ki ɗora masa abin da bai yi ba. Bai taɓa ɗaga mata hannu ba, ba ya shan komai sai ruwa, ƙofar da ya kafa kuwa har yau tana nan. Sai dai ya riƙe addini yadda yake goge katako, ba ya barin ko ɗan tudu. Turawan da suka koya masa ma cewa yake sun yi sanyi, don ya ga ɗayansu da lofe a baki.

Ran Lahadi ba a hura wuta a gidan, ba a daka, ba a zuwa rijiya. Tuwon Asabar suke ci da sanyinsa. Ya ƙera benci huɗu ya jera a rumfa saboda mutanen da yake sa ran za su shigo addinin. Shekara ta zagayo babu wanda ya zo ko da kuskure. Shi ya zauna a na gaba, ita a na baya, biyu a tsakani babu kowa, su yi ta waƙa su biyu. Muryarsa kamar zarto a ɗanyen ice.

Ba ta zuwa suna, ba ta zuwa biki, don akwai kiɗa. In an aika mata tuwon suna ko naman layya, sai ta mayar da kwanon a rufe yadda ya zo, don ya ce abin da aka yi wa addu'ar wani addini ba ya shiga cikinsu. Kin san mata. Sau biyu za a dawo miki da kwano, na uku ba za ki aika ba. Daga nan ne uwarki ta samo zancen girman kai. Ba ta ga yadda matar take riƙe kwanon nan da hannu biyu, tana jin ɗuminsa, kafin ta miƙa ba.

Lalle babu, kwalli babu. Sannan kitso. Ya karanta a littafinsa cewa mace mai tsoron Ubangiji ba ta ƙawata kanta da kitso, shi ke nan. Shekara bakwai da aurensu babu hannun da ya taɓa kanta sai nata. Ta wanke, ta taje inda hannu ya kai, ta cusa sauran cikin kallabi. Allah kuma bai ba su haihuwa ba, balle ta sami mai jan mata gashi ko da wasa.

Akwai kuma wata al'ada tasu. Kullum in sun gama cin abincin yamma, kafin rana ta faɗi, sai ya ajiye kwano ya ce, "Hannatu, me kika yi yau wanda Ubangiji bai ji daɗinsa ba?" Ta faɗi nata, shi ma ya faɗi nasa, su durƙusa. Mace tana gida ita kaɗai da kaji, ina za ta samo zunubin da za ta kawo kullum? Haka take tonowa. Yau ta yi ƙyuya, gobe ta zagi akuya a zuci.

A gidanmu kuwa akwai A'i, matar wan mijina, mai kitson unguwar. Duk Laraba mata ke cika gindin aduwarmu, wannan ta kwanta a cinya, waccan tana jiran layi, ana cin naman duk wadda ba ta zo ba. Hannatu sai ta kwaso aikinta ta dawo jikin danga. In tankaɗe ne a nan, in tsintar wake ce a nan. A haka ta san muryar kowa. Ta san mai ciwon baya, ta san wadda ɗanta ya tafi Damagaram bai aiko ba, ta san wadda miyarta ba ta jin gishiri. Fuska ce kawai ba ta sani ba. In Laraba ta wuce, sauran kwana shidan sai ƙarar guduma daga tasha.

Wata Laraba aka yi wata magana a kan wani tsoho da jakinsa, ba zan maimaita miki ba, sai dariya ta kuɓuce wa Hannatu a bayan danga. Gindin aduwa ya yi tsit.

A'i ta ce, "Wa ke nan, mutum ko aljan?"

Daga bayan danga ta ce, "Mutum ce."

"To mutum ba ta iya sallama ba ne?"

Ta kwashi faifanta ta shige ɗaki. Da yamma ta sami abin faɗa mai kauri: ta yi dariya ga zancen banza. Barau ya daɗe a durƙushe ranar.

A'i ba ta da saurin mantuwa. Ta riƙa leƙe ta wata kafa da akuya ta huda, har ta ga abin da take nema: matar tana aiki da hannu ɗaya, ɗayan yana ƙarƙashin kallabi yana susa. Ana nan aka kira Barau Gumel, zai kafa ƙofofi a barikin Bature, kwana huɗu. Ko ƙurarsa ba ta kwanta ba A'i ta sa hannu ta buɗa karan nan.

"Ke 'yar nan, zo in ga kan nan naki."

Hannatu ta ja da baya. "Ba a yi mini kitso, Yaya."

"Wa ya ce miki kitso? Kwarkwata zan kashe. Littafin mijinki ya ce a bar kwarkwata ta yi jikoki?"

"Bai ce ba."

"To sunkuyo ki shigo, kada ki yaga zane."

Ranar ba Laraba ba ce, babu kowa sai mu. A'i ta miƙe ƙafa a tabarma, ta cire mata kallabi, ta dubi abin da ke ciki ta ce, "Ikon Allah. Nan ko kaza ta shiga sai an yi cigiya." Ta kama kan ta kwantar a cinyarta.

Daga baya Hannatu ta gaya mini da bakinta, ta ce da kuncinta ya taɓa zanen nan, ta ji warin hayaƙi da man shanu, sai wuyanta ya saki kamar an kwance igiya. Ba ta tuna fuskar uwarta, ta daɗe tana nema ta rasa. Ashe ɗumin cinyar uwar yana nan a ajiye a jikinta. Yatsu suna bin kanta, ana tsagawa da tsinke, ana ƙas-ƙas da farce, A'i tana surutunta a kan tsadar gero ba ta ma jiran amsa. Hawaye ya gangaro ya jiƙa zanen. A'i ta ji danshi sarai, ta ce, "Man nan akwai shiga ido," ta ci gaba. Can sai barci.

To hannun mai kitso ba ya zama haka nan. Gashi ya taju, ya sha mai, ga shi a tsage. Kafin inuwar aduwa ta juya ta yarfa mata ƙanana kwantattu har ƙeya.

Hannatu ta farka ta kai hannu. Ta bi layi ɗaya da yatsa tun daga goshi har baya, ta ji iska tana taɓa fatar kanta.

"Yaya, me kika yi mini?"

"Ni ma ban sani ba, hira ta ɗauke ni. In ba kya so, kwanta in tsefe, ba wuya."

Ta ci gaba da shafawa. "Bari dai sai gobe."

Gobe ta zo, ta sake sunkuyowa ta kafar, amma ba tsifa ta kawo ta ba. Ta taya mu surfe, ta ci ɗanwake a kwano ɗaya da mu. Jibi ma haka.

Barau ya dawo. Ta ɗaure kallabi har gira. Da yamma ya yi tambayarsa, ta ce ta bar miya ta kama. Gaskiya ne, ta kama. Kashegari ta ce ta jefi kaza da muciya. Shi ma gaskiya ne. Amma ita ba a yi ta da ɓoye-ɓoye ba, abinci ya daina wuce mata. Rana ta uku da ya ce, "Hannatu, me kika yi yau," sai kawai ta kai hannu ta zare kallabin.

Ya daɗe yana kallo. Ni ina jikin danga, ba zan yi miki ƙarya ba, har da A'i.

"Wa ya yi miki?"

"Maƙwabciya."

"Kin shiga gidansu?"

"Sau uku. Na ci abincinsu kuma."

Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi, da ya fi sauƙi. Ya ture kwanonsa gefe ya ce ba zai ƙara sa komai a bakinsa ba sai ta tsefe, ta kuma yi alkawari gaban Ubangiji ba za ta sake ƙetare dangar nan ba. Ya ce ba horo yake mata ba, roƙo yake a kanta.

Kwana biyu mutumin nan yana fita aiki da ruwa kaɗai a cikinsa. Ta dafa, ta ajiye, ya huce, ta zuba wa kaji. Tana ganin wuyansa yana ramewa. Sau biyu tana zama da tsinke a hannu za ta fara tsifa. Tsifar ba komai ba ce, gashi ne. Alkawarin ne ya tsaya mata, don ta san kanta, in ta ɗauka ba za ta karya ba, kuma ke nan ita da cinyar mutum sai a lahira.

Rana ta uku da azahar ya shigo da katako biyu a kafaɗa da ƙusoshi a baki. Ya nufi kafar akuyar nan ya durƙusa. Ta fito daga madafa ta tsaya a kansa.

"Malam, ka ci abinci tukuna."

Ya zare ƙusoshin daga baki. "Kin tsefe?"

"Ban tsefe ba."

"Hannatu, mu biyu ne rak a garin nan. Daga nan har Maigatari babu mai kiran sunan da muke kira. Yau kitso ne, gobe lalle, jibi ki ji kiɗa ki ce leƙawa kawai za ki yi. In kika zame, ni kaɗai na rage."

"Kai kana da tasha. Kana da leburori, ko zaginka suka yi ai magana ce."

"Ba a ce hanyar mai sauƙi ce ba."

"Ban ce a sauƙaƙa mini ba. Na bar lalle, na bar kwalli, na mayar da kwanon mutane har sun daina gaishe ni. Na ce maka uffan?"

"To wannan ɗaya ne ya gagare ki? Ado ne fa, Hannatu. Abin da zai ruɓe a kabari."

"Wa ya gani, in ado ne? Kwana uku kana gidan nan ba ka sani ba sai da na nuna maka."

Ya ce ko ba wanda ya gani, Ubangiji ya gani. Ya ɗora katakon a kan kafar, ya saita ƙusa.

Nan ta faɗa masa wata magana, yanzu zan gaya miki ita. Ƙusar nan dai ba ta shiga ba. Ya dubi hannuwansa, duk kanta da tsaga, ya dubi dangar da ya san akwai idanu a bayanta, ya tashi ya wanke hannu ya ci tuwonsa har da ƙari. Bai ce ya yarda ba, bai kuma ƙara tayar da zancen ba har aikin dogo ya wuce da su gaba. Larabar da ta biyo, ta ƙofa Hannatu ta shigo mana, da sallama, ta bi layi kamar kowa.

Abin da ta yi ranar da ya saita ƙusar nan kuwa, ɗaki ta shiga ta ɗauko tabarma ta shimfiɗa a tsakar gida, ta ajiye tsinke da mataji da ɗan kaskon mai a gabansa, ta zauna ta ce:

"Na yarda, a tsefe. Amma kai za ka tsefe. Ajiye gudumar ka miƙe ƙafa in ɗora kaina, ka bi shi ɗaya bayan ɗaya, ka taje, ka duba mini kwarkwata, kana yi kana mini hira. Ba yau kaɗai ba, duk Laraba, har ɗayanmu ya mutu. In za ka iya, buga ƙusarka, ni zan riƙe maka katakon."