Jegon Baturiya

"Daga yau an gama da wahalar haihuwa a ƙasar Bungudu," in ji Alhaji Attahiru, shugaban kwamitin lafiya, ranar da aka buɗe akwatin a ƙaramin asibitin Kekun Waje. Aka yi tafi.

A cikin akwatin akwai wata mata ta roba, mai tsohon ciki da shuɗin ido. Wata ƙungiyar agaji ce ta aiko da ita daga ƙasar da ake ƙanƙara, don 'yan matan karkara su koyi karɓar haihuwa. Ta kwana a Gusau an yi mata jawabi, an zaga da ita Tsafe an yi mata wani, sannan ta iso. Kafin la'asar mata sun ɗaura mata zani sun raɗa mata suna Baturiya.

Sista Mercy ce malamar ajin. Kullum da hantsi sai ta kwantar da Baturiya a kan tebur, ɗalibai su jeru suna laluben kan jariri da tafin hannu. Baturiya takan haihu a yini sau da yawa, ba ta salati, ba ta zagin miji. A mai da ɗan ciki, ta sake haifo shi.

Wasila ta fi kowa daɗewa a gaban teburin. Cikin fari ne da ita, ta lulluɓe shi da dogon hijabi. Kowa ya gani, kowa ya kau da kai, don ba a zancen cikin fari a gaban mai shi. Bayan girbi za a mai da ita gidan iyayenta a Magami goyon ciki, ita kuwa so take ta ci jarrabawa ta karɓi shaidarta kafin nan. Da rana in aji ya watse, takan zauna kusa da Baturiya tana yi mata fifita. Iska na kaɗa labule, dawa na rangaji a bayan taga, sai ta ga kanta cikin farar riga tana ratsa gonaki, ƙafarta ba ta taɓa ƙasa, jarirai na faɗowa hannunta ɗaya bayan ɗaya kamar nunannun kanya.

Ana haka Alhaji ya dawo da mai hoto. Turawa sun nemi a nuna musu yadda kyautarsu ta shiga zukatan jama'a.

"Za mu haɗa zamani da gargajiya," in ji shi. "A yi mata wankan jego."

"Alhaji, roba ce fa," in ji Sista Mercy.

"Sista, a Legas roba ce. A nan baƙuwarmu ce, kuma ta haihu."

Aka kira Inna Asabe, tsohuwar ungozomar garin. Ta dubi Baturiya sama da ƙasa.

"Wannan da ganinta ba ta shan kunun kanwa. Alhaji, ruwan hoto kake so ko na gaske?"

"Na gaske, Inna. Tururin nake so ya fito."

Inna ba ta iya aikin wasa ba. Ta tafasa tukunya, ta tsoma ganyen darbejiya, ta shiga fyaɗa wa mai jego. Tururi ya cika tsakar asibitin, mutane suka zama inuwoyi. A cikinsa Wasila ta ga kamar Baturiya ta yi murmushi. Murmushin ya yi ta faɗi har ya kai kunne. Cikin ya lotsa a hankali, ya manne da ɗan da ke ciki.

Hoton ya yi kyau ƙwarai. Alhaji ya tafi da shi Gusau.

Washegari Sista Mercy ta tsaya gaban teburin da ba kowa a kai.

"Ba Baturiya, ba darasin lalube. Ba darasin, ba jarrabawa. Sai dai mu jira wata, watakila baɗi."

"A samo masu ciki daga gari mana," in ji wata ɗaliba.

"Na tambaya. Kowace ta ce ba za ta kwanta yaran da ta goya su yi ta danna ta ba."

Can a gona ana jin masu yankan dawa sun fara.

Wasila ta miƙe, ta tura ƙofa ta sa sakata. Ta cire hijabin, ta ninke shi da kyau, ta hau teburin ta kwanta. Ta ja gefen ɗankwalinta ta rufe fuska. 'Yan ajin duk suka sunkuyar da kai.

Sista Mercy ta juya ta dubi wata ɗaliba. Sannan ta ce, "Sadiya, ke ce farko. Murza hannunki ya yi ɗumi. Wannan tana jin sanyi."