Fitilar Sallama ta Malam Mannir

"Kada ka yi numfashi," in ji Malam Mannir.

Sabiru tela ya riƙe numfashi, hantsaki a hannu, yana fama ya ɗora wani abu da bai kai ƙwayar riɗi ba a kan koren allon lantarki. Sai tari ya ƙwace wa tsoho Malam Mannir da kansa. Abin ya yi tsalle ya shige saƙar tabarma, shi ke nan.

"To, ga mai hana mutane numfashi," in ji Sabiru. Ya gaji tilis. Tun hantsi ya rufe shago, ɗinkin mutane na jibge, don kawai maƙwabcinsa ya ce idon mai zura zare a allura yake so.

Malam Mannir ba gyara yake yi ba, sha'awa ce. Tun yana saurayi yake bin kasuwar Gusau yana tsintar matattun rediyoyi, ya ciro kayan ciki ya haɗa abin da ransa ya raya masa. Kayan zamanin da masu ƙafafu ne, ka zura a rami ka ɗiga dalma. Na yanzu kuwa ba ƙafa, manne suke a fuskar allo kamar kashin ƙuda. Ga ido ya dushe, ga hannu na rawa.

Abin da ya hana shi kwanciya ya ji da ciwonsa shi ne matarsa, Inna Hauwa, wadda kunnenta ya yi nauyi. Shi ke amsa mata sallama. Fitila yake son haɗa mata, wadda za ta kama a ɗakinta in an yi magana a zaure.

"In na tahi, wa ka gaya mata an zo?" ya ce. "Sai mutane su gaji su daina zuwa."

"Baba, masu ƙafan nan hwa babu su. Har Tsafe na sa an duba."

Tsohon ya ɗaga kai ya dubi kantar da ke jikin bangon zauren. "Sauko min da wancan."

Rediyonsa ne na farko, wanda ya haɗa cikin akwatin katako, yake kunnawa kullum da safe har unguwa ta san ya tashi. Sabiru ya ji ba daɗi.

"Wanga ai shina aiki, Baba."

"Shi ya sa. Buɗe."

Haka suka yi ta cire masa kaya, tsohon na nuni da leɓe, Sabiru na ƙona yatsu. Kafin la'asar fitila ta kama. Malam Mannir ya jingina da bango ya lumshe ido.

Bai ƙara fitowa zaure ba. Ranar wata Alhamis aka kai shi makwancinsa.

Da zaman makoki ya watse, gidan ya yi tsit. Sabiru ya zo da kwanon tuwon da matarsa ta aiko wa Inna Hauwa, ya tsaya a zaure. Akwatin rediyon na nan kan kanta, bayansa a buɗe, ba komai ciki.

"Salamu alaikum," ya ce, a hankali ma.

Ta bayan labulen ɗakin Inna Hauwa wani ɗan haske ya kama. Can sai ya ji jan takalminta, tana tahowa.