Gahawar da Miflih Bai Sha Ba

Da ƙyar Nofa ta hau da mahaifinta Miflih saman dutsen. A ƙofar tsohuwar kagarar Shobak suka tarar da ƙanensa Ayid yana fifita gawayi, inda yake sayar wa masu yawon buɗe ido gahawa.

Shekaru sun yi nisa rabon da Ayid ya yi wa yayansa magana, tun da Miflih ya binne mahaifiyarsu bai jira ya iso daga Kuwait ba.

"Baffa, ga Baba," in ji Nofa. "Hankalinsa zuwa yake yana tafiya. Yau da safe ya dawo, ya ce in kawo shi."

Miflih ya wuce cikin kufan, ya zauna a ɗakin da aka haife su, wanda rufinsa ya rufta tuntuni. Ba a hana baƙo gahawa ko maƙiyi ne. Ayid ya bi shi, ya tsiyaya, ya miƙa.

Miflih ya karɓi finjalin ya dire a ƙasa. A al'adarsu, wanda ya zo da roƙo ba ya sha sai an ce an biya masa buƙata.

"Ka yafe min, Ayid. Zafi ake yi ranar, ba ta iya jira."

"Kai dai kullum cikin sauri kake, sarkin gaggawa. Yau sai ka koyi jira."

"Har yanzu bakinka bai mutu ba, ɗan autan Inna."

Motar baƙi ta yi oda a ƙasa. Ayid ya ɗauki butarsa ya fita. Ya riga ya yafe tun da ya ga yadda wuyan yayansa ya rame, so yake kawai ya ɗanɗana masa zafin jira. Ya shayar da baƙin, ya zagaya da su hasumiya, har da nuna musu rijiya, yana jan ƙafa da gangan.

Bayan la'asar ya dawo. Nofa na zaune tana kuka. Finjalin na nan, ƙuda a bakinsa.

Ya durƙusa, ya zubar, ya tsiyaya mai zafi.

"Yaya, sha gahawarka. An biya."

Miflih ya dube shi da fara'a irin wadda ake yi wa baƙo.

"Allah ya saka, bawan Allah. Amma ba zan sha ba." Ya dire finjalin. "Ƙanena nake jira."