Mai Karanta Sanarwar Rasuwa

Shekara goma sha tara Tahiru ya yi a wata rediyo mai zaman kanta a Zinder, kuma abu ɗaya aka san shi da shi, karanta sanarwar rasuwa. Ko a tasha ya yi sallama, sai ka ji wata tsohuwa ta ce, "Innalillahi, wa ya rasu?" Shi kuwa karanta labarun ƙarfe bakwai yake so, tun yana da baƙin gashi.

Sai ga Munira, yarinya jiya-jiya, ta gama lakwal, wato makaranta, a Yamai. Wata uku kacal da fara aiki, ta je Takieta a bayan kabu-kabu ta kawo rahoton tsadar hatsi, har direkta ya miƙe ya tafa mata. Tahiru ma ya tafa, amma wallahi ji ya yi kamar ya haɗiyi ƙaya. Ya saurari rahoton sau huɗu yana neman kuskure, bai samu ba, abin ya ƙara ƙona masa rai.

Da mai karanta labarun ya koma Maradi, kowa ya san kujerar ta ɗayansu ce. Munira, baiwar Allah, wurinsa ta zo neman shawara.

"Baba Tahiru, in nema ko in dakata?"

"'Yata, gaggawa aikin shaiɗan ce," ya ce, yana gyara hula. "Ɗan jarida daga sanarwa yake farawa. Nan ake koyon sunayen mutane da garuruwa, nan ake koyon numfashi. Ki roƙi direkta ya ba ki ita, ni zan sakar miki."

Rabin maganar gaskiya ce, shi ya sa ta fito masa sumul. Ta yi godiya har da rusunawa.

Ran Litinin Tahiru ya sa sabuwar shadda ya karanta labarai. Ya fito yana taku ɗai-ɗai, har mai gadi ya samu gaisuwa.

Ran Alhamis kuwa mutum shida suka sauko daga Garagumsa. Babbansu, Ɗan Azumi, ya cire takalmi a ƙofar ofishin direkta, ya ce mahaifinsu ya rasu da asuba.

"Ba mu raina yarinyar ba, ranka ya daɗe. Amma tsoho ya bar wasiyya, Tahiru ne zai faɗi mutuwarsa. Shi ya faɗi ta innarmu, shi ya faɗi ta kawunmu. In ba muryarsa aka ji ba, dangi na Droum cewa za su yi ba a girmama shi ba."

Direkta ya kira su duka biyu. Ya ce wannan ne gida na biyar da ya zo da wannan kuka, kuma da sanarwa rediyon ke sayen man janareto.

"Malam Tahiru, mutane sun zaɓe ka. Munira, ƙarfe bakwai taki ce."

Munira ta dube shi, idonta ya cika da hawaye. "Baba, ka yafe mini. Na yi iya yina, ban kai ka ba."

Ya so ta yi dariya, ko ta yi masa gori, ya samu abin da zai tsane ta da shi. Ina! Da zuciya ɗaya ta faɗa.

Ya karɓi takardar daga hannun Ɗan Azumi ya shiga ɗakin watsa shirye-shirye. A hanya ya ƙudura zai yi tuntuɓe, ya ɓata suna ɗaya ko biyu, ko a rabu da shi. Jar fitila ta kama. Sunaye talatin da bakwai, 'ya'ya da jikoki da surukai, ya karanta su tas, bakinsa ya ƙi yin kuskure.